Akori-kurar Kawu Mai Shan Baƙin Mai

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan jihar Kebbi, ita ce shekarar da kawuna ya sayi akori-kura. Ba sabuwa ba ce. Fara ce da ta soma komawa launin ƙasa, madubin gefe ɗaya babu, amma in aka tayar da ita sai ka ji injin na tafiya sumul kamar keken ɗinki. A hannun wani amininsa na Maiyama ya saye ta, mutumin da suka yi fataucin hatsi tare tun ban san kaina ba. Ni aka ba tuƙi. Na yi shekaru ina jan motar haya tsakanin Jega da Yawuri, ga shi ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma 'yarsa ce a ɗakina. Wa za a ba in ba ni ba?

Aikin motar ba ya wuce kwasar albasa daga gonakin Aliero, da ɗauko gero da dawa daga wajen Maiyama da Liba. Ranar kasuwar Jega kuwa mukan yi lodi har sama, fasinja su hau kan buhuna. Da farko ba abin da na gani. Kullum da safe kafin in tayar da ita nakan zaro gejin mai, in goge da tsumma, in mayar, in sake zarowa, sai in tarar baƙin mai yana nan inda na bar shi.

Abin ya fara ne bayan juyen baƙin mai na farko. Na kai ta wurin wani bakanike a Jega, bayan tasha, dattijo mai ƙarancin magana. Da ya kwance noti tsohon man ya fara sauka a kwano, sai ya tsoma yatsa ya murza, ya dube ni.

"Wa ya zuba mata wanga mai?"

Na ce da shi muka saye ta.

"Yana da kauri," in ji shi. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ya zuba sabo, na kama hanya.

Ba a yi mako ba na zaro geji na ga mai ya sauka ƙasa da rabi. Na ce ko bakaniken ne bai cika ba. Na sayi kwalba a bakin hanya na ƙara. Bayan 'yan kwanaki ya sake sauka. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar inda take kwana a ƙofar gidana, ƙasa a bushe, ko ɗigo babu. Na share wurin tas, na shimfiɗa tsohon buhun siminti, da safe na ɗauke shi fes yadda na ajiye. Na buɗe lagireto in ga ko man ya bi ruwa, ruwa garau. Mota ba ta zubarwa, amma mai na tafiya.

Mutumin farko da na zarga shi ne mai sayar da man kwalba. Lokacin ana yawan maganar masu sirka baƙin mai da kananzir, na ce ƙila abin da yake ba ni ruwa-ruwa ne, da ya ji zafi sai ya ƙone. Na daina tsayawa wurinsa, har gaisuwa na rage. Na sa kawu ya sayo na gwangwani wanda ba a fasa ba. Shi ma ya bi sahun ɗan'uwansa. Sai zargina ya koma kan bakanike. Na tuna yadda ya murza man nan ya yi shiru, na ce anya bai sassauta wani abu ba don in riƙa komawa wurinsa? Na bi duk notin da hannuna zai kai da sifana, na tarar kowanne a ɗaure.

Ina can ina auna mutane, ashe ni ma ana auna ni.

Rashin sa'ar da na yi, a wannan ranin ne na sayi tsohon injin ban-ruwa don ɗan fegin albasata da ke fadama. Injin ban-ruwa kuwa shi ma baƙin mai yake sha. Wata rana na je gaya wa kawu cewa galan ɗin man motar ya ƙare, yana zaune a zaure ana ɗinke masa buhuna. Bai ɗago ba ya ce:

"Ya injinka na fadama? Yana aiki lahiya?"

Na ce lafiya lau, Kawu.

"Madalla. Ai na ji an ce ko tari ba ya yi."

Na yi dariya don na ɗauka yabo ne. Sai da na kai ƙofar gida maganar ta faɗo mini daidai. Na tsaya da makulli a hannu.

Matata ce ta tabbatar mini. Ta je gidansu wuni, ta dawo fuska ba walwala. Ta ajiye mini tuwo ta zauna nesa, tana tsinkar zaren tabarma. Na ce mene ne. Ta ce ba komai. Na matsa, sai ta ce:

"Malam, in tambaye ka, kada ka yi hushi. Man da ka ke zuba ma injin gona, ina ka ke sayen shi?"

Na ajiye lomar da na ɗauka. Na ce, "Ke ma?"

"Ni ban ce ba. Amma Baba ya ce mota ba ta shanye abin da ba ta zubar ba. Ni ban san abin da zan ce musu ba, shi ya sa na tambaya."

Na tashi na fita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar kawu tana da kan gado. Da ni ne mai motar, wani yake tuƙi, da abin da zan ce ke nan.

Daga nan abubuwa suka canza ba tare da an yi faɗa ba. Kawu ya ce ɓarayin batir sun yi yawa, gara motar ta riƙa kwana a ƙofar gidansa. Galan ɗin mai ya koma ɗakinsa, in za a ƙara shi ke fitowa da shi, ya tsaya har a gama. Wata safiya na zo buɗe bonet sai na ga siririn baƙin zare an ɗaura daga maƙalin zuwa ƙarfen gaba, yadda duk wanda ya buɗe sai ya tsinke. Na leƙa ƙasa, notin juye ma an ɗiga masa kyandir. Na koma na yi sallama, na ce, "Kawu, zan duba mai, ko za ka zo ka kwance zarenka?" Ya fito yana gyara hula, ya ce zaren mi, yara ne dai da wasa. Muka zaro geji tare. Mai ya sauka, zare bai tsinke ba, kyandir na nan.

Na zaci magana ta ƙare. Ina! Kawu ya ce ai mota wuni take a hannuna, ba kwana kaɗai ake ɗibar abu ba. Bai faɗa da bakinsa haka ba, amma ya ce daga yau zai riƙa bina kasuwa, wai zaman gida ya ishe shi. Ni kuma a raina na fara cewa, to, tunda motar ta koma ƙofarsa, wa ya san abin da ake yi mata a can? Shi ma yana da injinan ban-ruwa, sun fi nawa yawa. Wanda ya ɗaura zare ai shi ya fi kowa sanin yadda ake kwance shi a mayar. Haka muka riƙa tafiya a gidan gaba, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa na satar kallon ɗan'uwansa. In na tsaya sallah ya ce zai jira a mota ƙafarsa na ciwo. In ya shiga kasuwa ciniki sai ya waiwayo ya ga ko bonet a rufe yake.

Na ce mu koma wurin bakanike, ya yarda da kyar. Dattijon ya kwance fulogogi ya jera su a kan tsumma. Biyu sun yi baƙi, da danshi a bakinsu. Ya sa na taka totur, ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya shinshina.

"Tana ƙona kaɗan," ya ce. "Amma abin da kuka ce tana sha ya hi wanga. In dai ba ringin cikin inji ba ne suka tahi. Sai an sauke inji a gani."

Kawu ya ce, "Sauke inji? Motar da na saya jiya-jiya?"

"Alhaji, ni dai abin da na gani na faɗa."

A hanyar komawa, mun wuce rabin hanya, sai kawu ya ce, "Kai da mutumin nan kun daɗe da sanin juna ko?" Na ce tun ina motar haya. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Awo." Wannan awo ɗin ta fi zagi zafi. Wato yanzu ni da bakaniken da nake zargi mun zama abokan haɗin baki.

Wadda ta fara buɗe mana hanya wata dattijuwar Bafulatana ce mai tallan nono, da takan hau motarmu duk ranar kasuwa daga wata mararraba kusa da Fagada. Kullum a can ƙarshen baya take zama, ƙwaryarta a cinya. Ran nan mun dawo daga ɗaukar kaya a wajensu, muka sauke ta a Jega, maimakon ta wuce sai ta zagayo ta tagata.

"Direba, ni daga yau ba ni zama baya. Ko ka ba ni gaba ko in nemi wata mota."

Na ce, "Inna, me aka yi miki?"

Ta ɗaga faifan da ta rufe ƙwarya da shi ta miƙo mini. Duk ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, ƙanana kamar kashin ƙuda. Ta nuna mini gefen zanenta, shi ma haka.

"Motarka tohi takai," ta ce. "Kuma duk sadda ka gangara ka sake taka ta, sai hayaƙi ya taso, shuɗi, mai ɗaci. Wa zai sayi nono mai warin inji?"

Kawu na zaune yana ji. Ya karɓi faifan ya goga yatsa, ya duba yatsan. Ni ban taɓa ganin hayaƙin ba. Madubin wannan gefen babu, na tsakiya kuma kaya sun tare shi, a tsaye kuwa motar ba ta yin komai sai ɗan abin da kowace tsohuwar mota ke yi da safe.

Muka zagaya bayan motar. Murfin baya ya yi kauri da jar ƙasa, abin da kullum nake gani ina cewa ƙurar hanya ce. Na kankara da makulli, sai ga ta da laushi kamar ƙuli-ƙulin da bai soyu ba. Na kwanta na shiga ƙarƙashi. Tun daga giyabos har bayan mota ƙasa ta daskare, ta sha mai ta ƙoshi. Ashe abin da ya hana ɗigo ke nan, ƙasar hanya ke shanyewa kafin ya kai ƙasa.

Na ce, "Kawu, leƙo ka gani." Ya tattare babbar riga ya durƙusa. Ya daɗe yana kallo. Da ya miƙe sai ya ce, "To daga ina yake hitowa?" Ban sani ba. Ko'ina baƙi ne, ba a gane mafari.

Muka koma wurin bakanike, wannan karon kawu ne ya ce mu je. Dattijon ya ce a wanke ta tukuna, ba ya duba inji mai datti. Muka kai ta bakin gulbi, na kankare ƙarƙashin da guntun ƙarfe, na wanke da kananzir da garin sabulu har ƙarfe ya fito. Ya ce in ta bushe a barbaɗe injin da wani abu fari mai laushi, sama da ƙasa, a yi mata lodi a yi tafiya, sannan a kawo masa. Da na gaya wa matata, sai ta kwashe tokar murhu ta tankaɗe ta da rariya har sau biyu, ta ƙulla mini a leda. Da za ta miƙo mini ta ce, "Allah ya sa a gani." Na lura ba ta ce Allah ya wanke ka ba. Ita ma jira take.

Da hantsi muka barbaɗe injin ya yi fari fat, aka loda albasa, muka kama hanyar Jega daga Aliero. Kawu ya ɗauki ɗan kabu-kabu ya biyo motar a baya don ya ga hayaƙin da idonsa. Da muka isa ya sauko yana goge fuska da hannun riga, farar hularsa ta yi ɗige-ɗige.

"Matar nan ta yi gaskiya," ya ce. "In kana tahiya daidai ba komi. Da ka sassauta ka sake takawa sai ta busa."

Bakanike ya ce wannan kam ya san shi, robobin kan bawul na cikin inji ne suka bushe, mai na silalowa ta nan yana ƙonewa, ba sai an sauke inji ba. Amma ba shi ne babban ba. Ya ɗauki tocila ya shiga ƙarƙashi da rana tsaka. Muna tsaye muna kallon ƙafafunsa. Can ya ce, "Alhaji, sai ka daure ka shigo."

Muka shiga mu biyu, muka kwanta a kan kwali. A jikin farar tokar ga baƙin layi nan ɗaya tak, ya taso daga gefen kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji, can sama kusa da baki, ta wajen da ƙarfen jikin mota ya kare, ya yi baya. Bakanike ya sa bakin sukudireba ya ɗan taɓa wurin, sai wani ɓawo ya ɓalle ya faɗo a ƙirjin kawu. Gam ne, irin mai tauri, an shafe shi da baƙin fenti. A ƙarƙashinsa ga tsaga, tsawon ɗan yatsa.

"Ta taɓa dukan dutse," in ji bakanike. "Aka liƙe. In tana tsaye mai bai kai nan, shi ya sa ba ta ɗiga. In ta yi zahi tana gudu, mai na watsuwa ciki, sai tsagar ta buɗe, iska ya kwashe shi baya. Man da na juye ran nan mai kauri ne ƙwarai, shi ya riƙe ta. Da aka sa na daidai sai ta nuna halinta."

Kawu ya juya ɓawon a hannunsa. Ya ce, "Wanga fenti, tsoho ne ko sabo?"

"Ya girmi zuwanta hannunka. Iyakar abin da zan iya rantsuwa a kai ke nan."

Na ce wa bakanike, "To me ya hana ka gaya mini tun ranar?" Ya ce ya ga mai mai kauri a motoci da yawa, wani don ɓoye aibi, wani don shi ya samu a hanya. Ba ya ɗora wa mutum laifi da yatsa ɗaya.

Aka kwance kaskon aka kai wa mai walda, aka sa sabon gasket, wato abin da ke toshe bakin kaskon, washegari aka canza robobin. Kawu bai ce mini yi haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gobe ka shirya, za mu Maiyama."

Aminin nasa ya karɓe mu hannu biyu. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo fura mai sanyi, suka yi ta hirar farashin dawa da wanda ya rasu da wanda ya aurar. Ina gefe ina kallon fuskarsa, ina neman inda za ta motsa. Sai da aka sha aka ƙoshi kawu ya zaro ɓawon gam daga aljihu ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu.

"Mi ne ne wanga?" in ji mutumin.

Kawu ya gaya masa, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. Mutumin ya ɗauka ya duba, ya yi salati. Ya ce wallahi bai taɓa kwanciya ƙarƙashin motar nan ba tunda ya saye ta. Direbansa ne ke kula da ita, shi ke juye, shi ke komai, kuma yaron ya bar masa aiki ya tafi kudu tun kafin a sayar. Ya ce, "Yanzu kai, shekarun da muka yi, in rasa wanda zan cuta sai kai?"

Kawu ya ce, "Ni ban ce ka cuce ni ba. Na kawo maka ne ka gani."

"To na gani. Allah ya isa tsakanina da wanda ya yi."

Maganarsa ba ta da makusa. Idonsa bai kauce ba, muryarsa ba ta yi rawa ba. Abu ɗaya na riƙe: da kawu ke bayani bai ambaci ko wane gefe ne tsagar take ba, amma da mutumin ke rantsuwa sai na ga ya kai hannu ya shafa haƙarƙarinsa na dama, tsagar kuwa a dama take. Ƙila ƙaiƙayi ne. Ƙila ni ne na saba da neman abin zargi har na kasa dainawa. Ban gaya wa kawu ba.

Ya rako mu har bakin mota, ya sa aka ɗora mana buhun gero wai a kai wa iyali. Kawu ya yi godiya, suka yi musafaha mai tsawo. Mun fita daga gari, mun kama titin Jega, sannan kawu ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Kai mi ka gani?"

Na ce, "Kawu, ni ban san shi kamar yadda ka san shi ba."

"Ni ma yau ban san ko na san shi ba," ya ce. Ya jingina kai, ya lumshe ido, amma na san ba barci yake ba.

Motar ta daina shan mai, sai ɗan abin da ba a rasa ba, har muka gama kwasar albasar wannan shekarar da ta gaba. Zumuncinsu bai yanke ba. Suna gaisawa a kasuwa, suna zuwa wa juna suna da ta'aziyya, amma ban sake ganin sun haɗa kaya a mota ɗaya ba. Geron nan kuwa kawu bai bari an kai shi gidansa ba. Da muka iso Aliero ya ce in wuce da shi masallacin unguwa, in ce wa liman a raba wa mabukata, kada in faɗi daga inda ya fito. Na sauke shi a ƙofar masallaci ana kiran la'asar, na yi alwala na bi jam'i.